Hannun Makaniki

Shafi na 24

Masu cika mini waya da saƙon cewa Kofur ba ta da imani, da masu cewa tsoro ne kawai ya yi mata yawa, yau kowa ya gyara zama. Ni dai 'yar aike ce, abin da ya faru nake kawo muku.

*

Sau uku Kofur tana goge rigar kakin nan, har Inna ta ɗago kai daga bakin gado ta ce idan so take ta ƙona rigar ta huta da zuwa, to ta faɗa a taya ta. Kofur ta yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, ta zare wayar dutsen gugar. Igiyoyi biyun muƙaminta da ke hannun rigar sun kwanta luf. Shekara tara ta yi tana aiki kafin ta same su.

Ƙarfe goma na safiyar nan ake jiranta a gaban hukumar nan mai zaman kanta da ke sauraron ƙorafin jama'a a kan 'yan sanda. Ita ce ke riƙe da rajistar kanta, wato teburin karɓar jama'a na ofishinsu, ranar da aka kawo wani bakanike da kowa ke kira Makaniki, wata huɗu da suka wuce, bisa zargin ya cire wata na'ura daga motar wani babban mutum. Daga baya a hannun direban mai motar aka sami na'urar. Makaniki kuwa ya fito da hannun dama a farfashe, yatsu uku ba sa motsi har yau. Rahoton ofis ya ce tsalle ya yi daga motar sintiri yana neman gudu, ya faɗi a kan hannun. Rajistar Kofur ma haka ta ce, da rubutunta da sa hannunta.

Inna ba ta san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Abin da ta sani shi ne autarta ta rame, kuma ta daina kawo mata labarin ofis, ita da a da sai an ce ta yi shiru a samu a ji labarai a rediyo.

Hon ɗin mota ya yi ƙara sau biyu a tsakar bariki.

Baba Sufeto ne. Aminin mahaifin Kofur ne tun suna kurata, kuma tun da mahaifin ya rasu tana 'yar shekara goma sha ɗaya shi ya tsaya mata a komai. Shi ya kai ta makarantar horon 'yan sanda da akwatinta a kafaɗarsa, shi ya maƙala mata igiyar farko da hannunsa. Saura wata biyar ya ajiye aiki.

Inna ta leƙa ta taga suka gaisa. Ta ce ya dawo mata da 'yarta da wuri don ko shayi ba ta sha ba. Ya ce kada ta damu, ai tambaya biyu ce uku a sallame su.

Ƙofar motarsa ba ta buɗuwa sai ta ciki, don haka ya miƙo hannu ya buɗe mata. Ba su kai ƙofar bariki ba ya ɗora mata takarda a cinya. Lauyan runduna ne ya buga ta, layi bakwai, kowane layi da amsar da za ta bayar. Ta karanta har ƙasa, ta ninke, ta riƙe a hannu ba ta sa a aljihu ba.

Ya lura da hakan. Ya ci gaba da tuƙi yana ba ta labarin gonar da yake son komawa, da yadda gwiwarsa ta fara ba shi matsala, ita kuma tana amsawa da "to" da "Allah ya sawwaƙe". Da suka wuce shataletale na biyu sai ya gangara gefen titi, ƙarƙashin wata bishiya kusa da wani shagon da bai buɗe ba, ya kashe motar.

"Auta, dube ni."

Ta dube shi.

"Me za ki faɗa musu?"

"Ban sani ba, Baba."

"Wanda bai sani ba yana sa takarda a aljihu."

Ta ce masa, murya ƙasa-ƙasa, wata huɗu ke nan duk rediyon da aka ƙure wa murya sai gabanta ya faɗi. Ta ce ko biro ta ɗauka sai ta ji yatsunta sun yi nauyi. Ta ce an gaya mata wannan hukumar ba ta ƙarƙashin runduna, ba Oga, shugaban ofishinsu, ke naɗa mutanenta ba, kuma doka ta hana a taɓa wanda ya ba da shaida.

Ya yi murmushi irin na wanda ya ga jiya ya ga yau.

"Hukuma tana tashi ƙarfe huɗu, Auta. Ke kuma a bariki kike kwana."

Ya cire hularsa ya ɗora a kan gwiwa. Ya daɗe yana shafa bakin hular da babban yatsa kafin ya tambaye ta me aka gaya mata ya raba mahaifinta da aiki. Ta ce ciwon ido. Haka Inna ta faɗa, haka shi ma ya faɗa.

"Ubanki har ya rasu yana zura zare a allura ba tabarau."

Ta juyo gaba ɗaya.

Ya ba ta labarin yana kallon gilashin gaba. Wani ɗan kasuwa aka daka a ɗakin tsare mutane har haƙarƙarinsa biyu suka karye. Aka kafa kwamitin bincike na cikin gida, abokan aiki suna binciken abokan aiki. Kowa ya shiga ya ce bai gani ba, bai ji ba. Mahaifinta ya shiga ya faɗi sunan wanda ya yi da sandar da aka yi da ita. Aka yi masa godiya, aka ba shi hannu. Bayan wata biyu aka ce harsashi biyar sun ɓace a hannunsa. Mutum uku suka sa hannu cewa sun shaida an ba shi su cif.

"Ba a ba shi ba. An kore shi kamar ɓarawo, ko takardar yabo babu. Shekara huɗu ya yi yana gadin wani sito kafin zuciyarsa ta tsaya."

"Su wa suka sa hannun?"

"Biyu sun mutu."

Wata babbar mota ta wuce, iskarta ta girgiza motarsu.

"Na ukun fa?"

Ya ɗaga hannun damansa daga kan hular, ya kalle shi, ya mayar.

Ta tuna ranar da ya ɗauki akwatinta. Ta tuna takalmin da ya saya mata da ya yi mata yawa, yana cewa ƙafa za ta cim masa. Duk shekarun nan ta ɗauka ƙauna ce zalla. Yanzu ta rasa wanne ne ƙauna, wanne ne wankin laifi, kuma ta ga alamar shi kansa bai sani ba.

"Innarki ta san korarsa aka yi. Ba ta san da hannuna ba. A lokacin 'ya'yana huɗu, babban yana kwance asibiti. Aka ajiye mini takarda, aka ajiye mini biro." Ya juyo ya dube ta. "Ban kare ubanki ba. Ki bar ni in kare ki. Karanta layi bakwai ɗin nan, mu koma gida. Hannun mutumin nan ba zai dawo ba ko me kika ce."

"Da aka ajiye maka biron, Baba, ka samu barci bayan nan?"

Ya kunna motar.

*

Ofishin hukumar yana hawa na biyu na wani tsohon gini, kuma na'urar hawa ta lalace, sai matakala. A barandar da ke gaban ɗakin zama akwai benci biyu suna kallon juna.

A na hagu Saje Dogo na ofishinsu ne zaune ya miƙe ƙafafu, yana taunar tsinken sakace, lauyan runduna na gefensa yana danna waya. Da Dogo ya gan ta sai ya ce ga malamar rubutu ta iso, yau kam biro zai huta baki zai yi aiki. Ya yi dariya shi kaɗai.

A na dama Makaniki ne da matarsa. Matar ta durƙusa a gabansa tana ɗaure masa igiyar takalmi, shi kuma ya kau da kai yana kallon bango, kamar ba ƙafarsa ake taɓawa ba. Hannun daman yana kan cinyarsa, yatsun a lanƙwashe kamar busasshen reshe. Kofur ta so ta wuce da sauri, amma ya riga ya gan ta. Ya miƙe tsaye.

"Ranki ya daɗe, ba ki gane ni ba? Ke kika ba ni ruwa ranar nan."

Ta ce ta gane shi. Ta tambaye shi jiki.

Ya ce da sauƙi, ya fara koyon riƙe sufana da hagu, sai dai noti yana raina shi. Ya ce ya gaya wa mutanen hukumar ba duka aka taru aka lalace ba, akwai wata mai igiya biyu da ta tallafi kansa ta ba shi ruwa a kofinta lokacin da ya kasa tashi. Ya ce bai manta ba.

Matar ta miƙe tana karkaɗe gwiwa. Ba ta gaishe ta ba. Ta dube ta daga hula har takalmi.

"Ta ba ka ruwa da hagu, ta rubuta da dama."

"Haba, ke kuwa."

"An karanta mana rajistar, ina zaune."

Allah ya taimaki Kofur aka buɗe ƙofa aka kira ta.

*

Ɗakin bai kai yadda ta zata girma ba. Dogon tebur da koren ƙyalle, mutum uku a bayansa, fanka ɗaya tana juyi a kasale. Ta tsakiyar tsohuwar alƙaliya ce da ta yi ritaya, tabarau na rataye a wuyanta da zare. A ƙaramin tebur na gefe mai binciken hukumar ce, siririyar mace mai takalmi marar tsini, wadda 'yan ofishinsu suka laƙaba wa suna Allura saboda ba ta da kauri amma tana huda. An bar Makaniki da matarsa su zauna a baya. Dogo da Baba Sufeto suna layin gaba, bayan lauya.

Bayan rantsuwa Mai Shari'a ta yi mata bayani a natse. Ta ce nan ba kotu ba ce, ba kuma ofishin 'yan sanda ba ne. Ta ce aikinsu su gano abin da ya faru su miƙa wa masu gurfanarwa, kuma doka ta hana a hukunta kowa ko a tsangwame shi saboda shaidar da ya bayar a nan. Ta tambaye ta ko ta fahimta.

Kofur ta ce ta fahimta.

Allura ta taso da rajistar a hannu, babban littafi mai baƙin bango da Kofur ta san warinsa. Ta buɗe shafin ranar ta ajiye a gabanta, ta tambaye ta ko rubutunta ne. Ta ce nata ne. Allura ta ce ta karanta.

"Ƙarfe huɗu da minti goma. An kawo wanda ake zargi da rauni a hannun dama, sakamakon tsalle daga motar sintiri."

"Haka aka kawo shi?"

Layi na biyu a takardar lauya ke nan. Amsarsa kalma biyu ce.

"Haka ne."

A bayanta ta ji Baba Sufeto ya sauke numfashi.

Allura ba ta nuna komai a fuska ba. Ta juya littafin zuwa can kusa da ƙarshe, inda ba a kai ga rubutu ba, ta kama wata farar takarda da yatsa biyu. Takardar ta biyo hannunta ba tare da an ja ba.

"Kofur, kin taɓa yage takarda daga littafin makaranta?"

"Na taɓa."

"To kin san kowace takarda a littafin ɗinki tana da 'yar'uwa a ɗaya ɓangaren. In aka cire ɗaya, ɗayar sai ta saki. Wannan ta saki. Na bi zaren, 'yar'uwarta daidai wurin shafin ranar nan take, kuma ba ta nan."

Lauya ya miƙe ya ce tsohon littafi ne da ke yawo hannu-hannu a kanta, takarda na iya saki ko yaushe, kuma bai kamata a sa shaida ta yi ta canki-canka ba. Mai Shari'a ta ce ta ji, ya zauna. Ta ce shaida na iya cewa ba ta sani ba idan ba ta sani ba.

Ƙofa ce aka buɗe mata a sarari. Abin da ya rage mata kawai shi ne ta ce ba ta sani ba, a wuce wurin.

Sai ta ji wata 'yar ƙara a baya, ƙaras-ƙaras, kamar ɓera a cikin leda. Ta waiga. Makaniki ne ya matse gorar ruwa tsakanin gwiwoyinsa yana fama da murfin da hannun hagu. Matarsa ta miƙo hannu, ya girgiza kai. Murfin ya ƙi. Mutumin da ke sauke injin mota ya mayar, yau murfin gora ya gagare shi, kuma yana yi a hankali don kada ya dami zaman.

Kofur ta juyo. Ta buɗe tafin hannunta, takardar lauya ta jiƙe da gumi. Ta ajiye ta a kan tebur kusa da rajistar.

"Ranki ya daɗe, a cire amsar da na bayar. Ba haka aka kawo shi ba."

Lauya ya yunƙura. Mai Shari'a ta ɗaga masa yatsa ɗaya ba tare da ta dube shi ba, ta ɗauki tabaranta ta sa.

"Muna jin ki, 'yata."

Kofur ta ɗauko labarin daga farko. Ta ce ƙarfe huɗu da minti goma aka shigo da shi da ƙafafunsa, hannuwansa biyu lafiya lau. Da hannun dama ya ciro wayarsa da makullai da wata ƙaramar sufana ya ajiye a kan kanta, da shi ya sa hannu a takardar kayansa. Har ya ɗaga kai ya ce fankar kanta tana kuka, in za a ba shi sukundireba minti biyar ya ishe shi. Ta rubuta a rajista cewa babu rauni a jikinsa.

Ta ce wajen ƙarfe shida Saje Dogo ya fito da shi daga ɗakin tsare mutane ya kai shi ɗakin baya, inda ake ajiye kayan shaida. Ya ce mai motar yana ta kiran Oga, dole a samu magana kafin a tashi.

"Kin ga abin da ya faru a ɗakin?" in ji Allura.

"Ban gani ba. Na ji."

"Me kika ji?"

"Ƙarar ƙarfe a kan tebur. Da muryarsa. Yana cewa a bar masa hannun, da shi yake ci."

"Me kika yi?"

Wannan ne abin da Kofur ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ko a cikin addu'a kewaye shi take yi.

"Akwai rediyo a kan kanta. Na ƙara masa murya."

A baya matar Makaniki ta toshe bakinta da gefen mayafi. Shi kuwa ya sunkuyar da kai, gorar na nan tsakanin gwiwoyinsa.

Dogo ya ce ƙarya take, yarinyar nan dama tana da ƙullin zuciya a kansa tun da ya hana ta hutu. Mai Shari'a ta ce idan ya ƙara magana ba a tambaye shi ba za a fitar da shi, kuma za a rubuta dalilin fitarwar. Ya koma ya jingina, tsinken ya faɗi daga bakinsa bai ɗauka ba.

Kofur ta ƙarasa. Minti arba'in aka yi. Kurata biyu suka fito da shi a rirriƙe, suka zaunar da shi a ƙasa gefen kanta. Nan ta ba shi ruwan. Washegari da safe aka ce ta yage shafin, ta sake rubuta duk abin da ke cikinsa daga sama har ƙasa, da gyara a layi ɗaya. Ta yi. Babu wanda ya riƙe mata hannu.

Lauya ya daina ƙoƙarin miƙewa. Kansa na ƙasa, yatsunsa na gudu a kan waya.

Allura ta bari mai rubuta bayanan zama ya kammala, sannan ta matso kusa, ta rage murya kamar su biyu ne kaɗai a ɗakin.

"Wa ya ce ki yage?"

Kofur ta san tambayar na zuwa tun a mota. Sanin bai rage mata komai ba. Ta ji idanun Baba Sufeto a bayan wuyanta. Ta tuna Inna a taga tana cewa a dawo mata da 'yarta da wuri.

"Saƙon daga Oga ya fito."

"Oga da kansa ya gaya miki?"

"A'a."

"Wa ya kawo saƙon?"

Hawayen da ta riƙe tun safe suka zubo, ba ta share ba.

"Wanda ya rene ni. Sufeto. Shi ya tsaya a bakin ƙofa yana duba hanya har na gama, shi ya tafi da shafin."

Ba ta waiga ba. Ta jira ta ji ya musa, ko ya yi tsaki, ko ya kira sunanta. Ba ta ji komai ba sai ƙarar kujerarsa kaɗan, kamar wanda ya gyara zama don nauyi ya sauka.

Mai Shari'a ta rubuta wani abu mai tsawo. Ta ɗago ta ce wa Kofur abin da ta yi a ranar laifi ne, kuma ba za ta ɓoye mata cewa zai shiga rahoto ba. Ta ce amma abin da ta yi yau ma zai shiga, da manyan baƙaƙe. Ta umarci Allura ta rubuta takardar gayyatar Oga, ta kuma shirya wa shaida wurin zama a wajen bariki tun daga yau, ita da mahaifiyarta.

Allura ba ta kai ga zama ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Kafin a ba da izini an turo.

Wani matashin hafsa ne daga hedikwata, kaki a goge kamar wuƙa, da kurata biyu a bayansa. Ya sara wa teburin cikin ladabi, ya ba da haƙurin katse zama, ya ce umarni ya kawo. Ya miƙa takarda. An ce a tsare Kofur nan take bisa laifin lalata rajistar hukuma, a kai ta hedikwata.

Mai Shari'a ta karanta ta miƙa wa Allura. Allura ta duba sama, ta duba ƙasa.

"Ranki ya daɗe, kwanan watan jiya ne a jiki."

Wato tun kafin ta buɗe baki an tanadi takardar. A ƙasa suke jira a mota, saƙon lauya kawai suke sauraro.

"Ba a kama mini shaida a ɗakin nan," in ji Mai Shari'a.

"Ranki ya daɗe, ba don shaidarta ba ne. Laifin aiki ne, kuma da bakinta ta amsa. Wannan hurumin runduna ne."

"Na ce ba a kama ta."

"Ni ma ba ni zan kama ta ba."

Ya ce umarnin ya bayyana cewa babban jami'in ofishinta da ke wurin shi zai aiwatar. Ya karɓi ankwa daga hannun kurtu, ya taka zuwa layin gaba, ya tsaya a gaban Baba Sufeto. Ya sunkuya ya yi magana a hankali, amma ɗakin ya yi shirun da kowa ya ji.

"Oga ya ce a gaishe ka. Ya ce saura wata biyar, kuma har yanzu bai ga sunanka a cikin wannan maganar ba."

Mai Shari'a ta cire tabaranta. Ta ce wa mai gadin ɗakin ya rufe ƙofa ya tsaya a jikinta, ta ce wa mai rubutu kada ya ɗaga hannu daga takarda, duk wanda ya motsa a rubuta sunansa da lokacin. Mai gadin tsoho ne, ko sanda ba ya riƙe da ita. Ya ja ƙofar ya jingina bayansa.

A baya aka ji gora ta faɗi ta gangara. Makaniki ya miƙe. Matarsa ta kama gefen rigarsa, ya zame a hankali, ya zo ya tsaya a tsakiyar hanyar da ke tsakanin kujeru da teburin shaida, mataccen hannun a ƙirjinsa.

Sai a lokacin Kofur ta waiga.

Baba Sufeto na zaune, hularsa a kan gwiwa, ankwar na lilo a gaban fuskarsa. Ya dubi Mai Shari'a. Ya dubi Makaniki. Ya dube ta, ya daɗe yana kallo, kamar ba fuskarta kaɗai yake gani ba.

Ya ɗora hular a kansa, ya gyara mata zama. Ya dafa gwiwar nan mai ciwo ya miƙe tsaye.

Sannan ya miƙa hannun dama ya karɓi ankwar.